Kula da Babur a Gida: Ƙura, Baƙin Mai da Iyakar Hannun Mai Shi

Wannan lacca ta shafi aikin da mai babur zai iya yi wa abin hawansa da hannunsa, a ƙofar gida ko a gindin bishiya, ba tare da ya tura shi gareji ba, kuma ta taƙaita ne ga ƙananan baburan da suka cika hanyoyin ƙasar Hausa, wato masu silinda ɗaya waɗanda girman injinsu ke tsakanin cc 100 da cc 150, irin su Bajaj Boxer da TVS na ƙasar Indiya, da Jincheng da Haojue da Lifan na ƙasar Sin. Silinda ita ce kogon ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa yana matse haɗin iska da fetur kafin wuta ta tashi, cc kuwa ma'auni ne na abin da fistin ke turawa a tafiya ɗaya, ta yadda cc 1,000 ke daidai da lita guda. Abin da ake son a tabbatar wa masu sauraro shi ne cewa ƙura da gurɓataccen baƙin mai da zafi su ne ke cin yawancin waɗannan babura a hankali tun ba su tsufa ba, kuma maganin duka ukun ya fi kusa da hannun mai babur a kan hannun bakanike, domin a lokacin da inji ya fara hayaƙi ko ƙara har aka tura shi wurin gyara, ɓarnar ta riga ta auku tun watannin baya.

Ba sai an yi dogon bayani a kan matsayin babur a wannan yanki ba. Shi ne ke kai taki gona ya dawo da buhun hatsi, shi ne ke fitar da mai naƙuda daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, kuma da shi 'yan kabu-kabun Maraɗi da Damagaram ke ciyar da iyalansu. Hana acaba da gwamnatin Kano ta yi a watan Janairun 2013 ya sauya sana'ar haya a cikin birni, amma bai raba ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi da baburansu na hawa ba. Bayan sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, saboda haka babur ɗin da ke zuƙar mai fiye da ƙima don toshewar matatar iska ko sakin taya yana taɓa kuɗin cefanen gida ne kowace rana ba tare da mai shi ya ankara ba.

Tarihin injin da ke cikin da yawa daga baburan nan yana da muhimmanci ga wannan batu. A shekarar 1974 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya aika injiniyoyinsa wasu ƙasashen Asiya domin su ga yadda talakawa ke amfani da babur, suka tarar ana ɗora wa babur ɗaya mutum uku ko huɗu da kaya, ana barin baƙin mai har ya yi kauri ba a juye shi ba, ba a kuma zuwa wurin gyara sai inji ya tsaya cik. Sakamakon wannan bincike shi ne Honda CG125 da ya fito a 1975, wanda aka yi masa inji mai buɗe bawul da 'yan sandunan ƙarfe daga ƙasa, maimakon sarƙa mai juya sanda a saman inji, aka kuma sa masa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Bawul shi ne murfin da ke buɗewa iska da fetur su shiga silinda ko hayaƙi ya fita, kuma hikimar wancan tsari ita ce sassan da suka fi buƙatar mai su zauna a ƙasa, kusa da inda mai ke taruwa. Kamfanonin ƙasar Sin da dama sun kwaikwayi wannan inji, shi ya sa ake samun irinsa da sunaye barkatai a kasuwannin Kano da Kaduna da Yamai. Ke nan tun asali an ƙera shi domin ya jure sakaci, a kuma iya kula da shi da kayan aiki kaɗan. Sai dai juriyar tana da iyaka, kuma ba kowane babur ne ya gaje ta ba, domin Boxer da ƙananan baburan da ake kira roba-roba sandar bawul ɗinsu a sama take, inda mai ke isa a ƙarshe bayan an tayar da inji, don haka su ne suka fi saurin jin jiki idan mai ya yi ƙasa ko ya ƙazantu.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar babur a wannan ƙasa, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. Inji mai bugu huɗu, wato wanda ke zuƙa ya matse ya ƙona ya fitar, yana zuƙar iska sau ɗaya a kowane juyi biyu, don haka injin cc 100 da ke juyi 5,000 a minti ɗaya zai iya haɗiyar iskar da ta kusa lita 250 a wannan mintin idan an buɗe masa wuta sosai. Ta wata fuskar kuma, fetur yana ƙonewa daidai ne idan kowane kilo ɗaya nasa ya gamu da kimanin kilo 14.7 na iska, abin da ke nufin litar fetur guda tana buƙatar wajen lita 9,000 ta iska. Duk wannan iska daga saman hanya ake shaƙo ta, a bayan tirela ko a kan burji, kuma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris iskar hunturu na ƙara mata ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen silinda tauri, waɗanda idan suka tsallake matata sukan manne a jikin man da ke shafe da bangon silinda, sai fistin ya riƙa goga su sama da ƙasa sau dubbai a minti, kamar yadda maƙeri ke wasa wuƙa a kan dutse. A haka ringi ke cinyewa, wato zobban ƙarfen da ke jikin fistin suna toshe tazarar da ke tsakaninsa da silinda, kuma idan suka cinye sai ƙarfin inji ya ragu, baƙin mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa, salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi.

Abin takaici shi ne matatar iska, wadda ita kaɗai ce ke tsakanin wannan ƙura da cikin inji, ita ce aka fi wulaƙantawa. Akwai masu cire ta ɗungurungum da zarar babur ya fara shaƙewa, suna ganin ya ƙara gudu da amo, alhali kuwa sun sayar da shekarun injin ne a kan kuzarin kwana kaɗan. Aikin wankinta kuwa mai sauƙi ne. Ana buɗe akwatin da ke gefen babur ko ƙarƙashin kujera, a zaro soson a hankali kada datti ya zube cikin bututun kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, a wanke shi da kalanzir ko ruwan sabulu, a matse shi a tafin hannu ba tare da an murɗe shi ba domin murɗawa na yaga shi, a bar shi ya bushe sarai a inuwa. Sa'an nan a ɗiga masa sabon mai kaɗan a mulmula har ya game ko'ina, a matse rarar, domin soso busasshe ba ya kama ƙura mai laushi, man da ke jikinsa ne ke kama ta, yayin da soson da ya jiƙe sharkaf ke hana iska wucewa ya sa babur shan fetur. Matatar takarda, wadda ke zuwa da wasu sababbin babura, ba a wanke ta ba a kuma sa mata mai, ana sauya ta ne idan ta toshe. Mai bin hanyar ƙauye da hunturu ya kamata ya duba matatarsa kowane mako, ya kuma tabbata murfin akwatin da robar da ke haɗa shi da kafireta ba su tsage ba, domin 'yar tsaga ƙarama ta isa ta mayar da duk wankin aikin banza.

Sai baƙin mai. A mota man inji dabam yake da man giya, amma a waɗannan babura mai ɗaya ne, wanda yawansa kimanin lita guda ne, yake shafe fistin da giya da kuloci, kuma shi ne ke kwashe wani kaso na zafin injin da ba shi da lagireto sai iska kawai ke sanyaya shi. Haƙoran giya suna niƙa man suna tsinka shi, kuloci yana zuba masa burbushinsa, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana ƙona shi, ga shi kuma da yawa daga injunan nan ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, sai 'yar raga da wani ɗan kofi mai juyawa da ke wurga datti gefe. Littattafan kamfanoni sukan ba da wa'adin juye na 'yan dubban kilomitoci, amma sukan ƙara da cewa a gajarta wa'adin idan ana tafiya cikin ƙura ko da kaya masu nauyi, wanda shi ne halin yau da kullum a nan. Abin da ya fi dacewa da babur ɗin haya ko na ƙauye shi ne juye bayan kowane kilomita 1,000 zuwa 1,500, kuma tun da mitar babura da yawa takan mutu ba a gyara ba, gara mai babur ya ƙiyasta tafiyarsa ta yini ya mayar da ita makonni, ya rubuta ranar juye a bayan murfin gefe.

Zaɓen mai yana buƙatar a fahimci rubutun da ke jikin gora. Lambobi irin su 20W-50 ko 10W-40 kaurin mai suke nunawa, ta farko a lokacin sanyi, ta biyu a lokacin da inji ya ɗauki zafi, kuma littafin babur shi ke faɗin wanda ya dace. Akwai kuma alamar JASO MA, ma'aunin da aka fito da shi a Japan a 1998 domin bambanta man babur da na mota, saboda wasu mayukan mota na zamani an zuba musu sinadarin ƙara santsi domin rage shan fetur, wannan santsi kuwa yana sa kulocin babur, wanda ke jiƙe cikin mai, ya riƙa zamewa, a ji inji na kuka amma babur ba ya ja. Man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, bai kamata ya shiga injin da mutum ya saya da guminsa ba, kome rahusarsa.

Shi kansa juyen yana da ƙa'ida. Ana ɗumama inji na 'yan mintoci domin man ya tsinke ya kwaso dattin da ya kwanta, a tsayar da babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a kwance notin da ke ƙarƙashin inji da sifana daidai da shi, a bar man ya tsiyaye cikin tasa har ya daina ɗiga. Wurin mayar da noti ne ake yawan tafka asara, domin notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam ne mai taushi, duk wanda ya sa ƙarfinsa ko ya taka sifana da ƙafa zai cinye zaren ramin, daga nan sai yoyo da neman mai sake yanka zare. Ana fara ɗaura shi da yatsu ne har ya zauna a kan washa mai kyau, sa'an nan a ƙara masa ɗan matsi da sifana. Bayan an zuba sabon mai an tayar da inji an kashe, sai a ɗan dakata a auna da gejin da ke jikin murfi, babur yana tsaye sak, kuma a yawancin waɗannan injuna ana ɗora gejin ne a bakin ramin ba tare da an murɗa shi ciki ba. Duba wannan geji da safe kafin a fita bai kai minti ɗaya ba, amma shi ne ke raba babur da kamewar fistin a tsakiyar hanya.

Sarƙar da ke juya tayar baya tana son a bar mata wasan santimita 2 zuwa 3 idan aka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, domin tana ƙara ɗamewa idan kaya suka danne babur, kuma sarƙar da aka ɗaure tamau tana cinye kanta ta cinye boris ɗin giya. Idan za a ja taya baya, wajibi ne alamun da ke ɓangarori biyu su yi daidai, in ba haka ba taya za ta karkace. Al'adar shafa wa sarƙa man da aka juye daga inji tana da illa, tun da yake cike yake da burbushin ƙarfe, man giya mai kauri ya fi shi, bayan an wanke sarƙar da kalanzir. Cire murfin sarƙa don kwalliya kuwa buɗe wa yashi ƙofa ne. Idan sarƙa ta mutu, ana sauya ta ne tare da faya-fayan haƙora biyu da take hawa, domin tsofaffin haƙora suna lalata sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci.

Fulogi, wanda ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur, shaida ne a kan abin da ke gudana a cikin silinda. Idan bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa to haɗin iska da fetur daidai yake, idan ya yi baƙi mai toka-toka fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe, idan ya jiƙe da maiƙo baƙin mai ne ke haurawa, idan kuwa ya yi fari fat to fetur ya yi kaɗan kuma inji na zafi fiye da ƙima. Wannan na ƙarshe ya yawaita tun da mai ya yi tsada, domin wasu na sa a tsuke musu kafireta don babur ya rage sha, kuma ribar da aka samu a gidan mai takan ƙare a wurin sauya bawul ko fistin da ya ƙone. Aikin gida a kan kafireta ya tsaya ga sassauta ɗan sukurun da ke gindinta lokaci-lokaci domin ruwa da laka su fita, musamman da damina ko bayan an sha man 'yan bumburutu, tun da ruwa ya fi fetur nauyi kuma a ƙasa yake kwanciya. Zura waya cikin 'yan ramukan tagullar da fetur ke bi yana faɗaɗa su har abada.

Duk abin da ya gabata lafiyar inji ya shafa, birki da taya kuwa ran mutum suka shafa. Mafi yawan ƙarfin tsayawar babur daga birkin gaba yake fitowa, domin nauyi na komawa gaba idan an taka birki, amma akwai baburan da ke yawo da wayar birkin gaba a tsinke wata da watanni, masu su sun dogara da na baya kaɗai, wanda ke kulle taya ya ja ta a kan yashi. Gyaran birkin gaba sau da yawa bai wuce sauya waya da murɗa noti ɗaya ba, har hannun birki ya fara kamawa bayan ɗan wasan santimita 1 zuwa 2, taya kuma ta juya sakayau idan an sake shi. Iskar taya ana auna ta ne da safe kafin taya ta ɗumama, da ɗan geji mai arha, bisa lambar da kamfani ya rubuta a jikin babur, domin danna taya da babban yatsa a wurin mai faci ba awo ba ne. Batir mai ruwa ana ƙara masa ruwan batir kawai, ban da asid ko ruwan rijiya, notuna kuwa a bi su da sifana kowane wata, saboda gargada na kwance su. Yawancin wannan aiki sifanu masu lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17, da sifanar fulogi da filaya da sukudireba biyu sun ishe shi.

Iyakar hannun mai babur, ga wanda ya ƙware, ita ce gyara tazarar bawul, wato ɗan filin da ake bari tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi domin ƙarfe na kumbura da zafi. Filin bai fi kaurin takarda ba, tsakanin milimita 0.05 da 0.10 a yawancin ƙananan injuna, ana auna shi da siraran ƙarafa na awo, inji yana sanyi, fistin yana ƙololuwar bugun matsewa. Bawul mai sako-sako yana ƙara a ji shi, wanda aka matse kuwa shiru yake yi yana ƙonewa, saboda haka shirun inji ba kullum ne alamar lafiya ba. Abin da ya wuce wannan, kamar raba inji biyu, ko faɗaɗa silinda, ko miƙar da ƙahon gaba da ya lanƙwashe a haɗari, aikin bakanike ne wanda ya yi shekaru a gaban ubangidansa kuma yake da kayan aikin da babu su a gida. Mai babur da ya san ranar juyensa da launin fulogin injinsa yana zuwa gareji ne da bayani a baki, ya faɗi lokacin da ƙara ta fara da inda take fitowa, kuma wannan yana rage lalube da sayen kayan da ba a buƙata.

Aikin gida yana da haɗarinsa, domin ana yin sa ne kusa da yara da murhu. Ba a barin inji yana aiki a cikin zaure ko shago a rufe, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, guba marar launi marar wari da ke kashe mutum kafin ya gane abin da ke faruwa. Ba a wanke kayan inji da fetur a inda ake girki, tun da tururinsa ya fi iska nauyi kuma yana bin ƙasa har ya isa ga wuta daga nesa, haka nan ba a kai tankin fetur ga walda don kawai an ga babu mai a ciki, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Man da aka juye kuwa a zuba shi cikin galan mai murfi a ajiye inda yaro ba zai kai ba har a miƙa shi ga masu tattarawa a gareji, kada a shafa shi a ciwon mutum ko na dabba, kada kuma a tuttular da shi a kwata ko a tsakar gida, musamman a unguwannin da rijiya da shadda da wurin wanki ke cikin fili ɗaya.